Fasa Mai Alif

Ni dai ban yi makarantar kwamfuta ba, gara in faɗa tun yanzu. Ɗan abin da na iya, a shagon gyaran waya na yayana a Makarfi na koye shi, tsakanin canja gilashi da goge bakin caji da tsohon buroshi. In babu mai kawo gyara sai in haye benci in yi ta tone-tone a waya, in gwada wannan, in ɓata wancan, in gyara. Yayana ya ce ni da waya kamar kaza ne da juji.

Gidanmu a Paki yake, sau ɗaya nake zuwa a mako. Babanmu malami ne, manomi ne kuma. Yana da gafaka uku cike da takardun da kakanmu ya rubuta da hannunsa, wasu Larabci, wasu ajami. Takardun ba a ɗinke suke ba, ba su da lamba. Abin da ke haɗa su kalma ɗaya ce da ake rubutawa a can ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Baba kaɗai ya iya bin wannan zaren. Kowace damina kuwa sai danshi ya ci wasu. Su manne da juna, tawada ta zube, in ka ɗaga sai gefen ya biyo yatsanka.

Sai na ce a raina, to me zai hana a ɗauke su a hoto? Na haɗa wa Baba wata tsohuwar waya da aka bar mana a shago, na shiga neman manhajar da ke ɗaukar takarda ta miƙe ta ta fito da rubutu sarai. Na gwada wajen guda biyar. Duk wadda na buɗe sai talla ta faɗo, wata ta caca, wata kuma wata mata ce ke rawa. Na hango wannan rawar a kan takardun Kaka, a hannun Baba, na ce a'a, ba da ni ba.

Daga ƙarshe na samu wata. Ba talla, ba ta neman data, ba ta tambayar sunanka. A ƙasanta an rubuta cewa manhajar ta kowa ce, duk wanda ya ga dama yana iya leƙa cikinta, ya gyara, ya ƙara, ya ba wani. Wallahi sai da na karanta wannan layin sau uku. Ashe akwai mutane a duniya, ba su san juna ba, kowa yana ƙasarsa, suna haɗa hannu su gina abu su ajiye wa jama'a. Wani ya rubuta injin, wani ya zana hotuna, wani ya nemo inda ta lalace, wani ya juya ta zuwa harshensu. Na duba jerin harsunan, sai ga Hausa. An fara, an tsaya a rabi.

Ka san yadda mutum ke ji in ya wuce gona ana gayya, ga fartanya ɗaya a jingine ba mai ita? Haka na ji.

Aikin ba wuya a ido. Shafi ne, hagu Turanci, dama akwati fanko, kai za ka cike da Hausa. Amma kafin in taɓa komai sai na ga bai kamata in shiga gidan mutane ba sallama ba. Na rubuta wa mai kula da manhajar saƙo da ɗan Turancina. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi aiki da gajiya, na gaya masa garinmu da sana'ata, na yi wa iyayensa addu'a, sannan a layin ƙarshe na ce ina neman izini in taimaka. Mutumin yana wata ƙasa mai sanyi can nesa. Washegari ya amsa da kalma biyu da hoton babban yatsa. Na wuni ina tunanin ko na ɓata masa rai.

A ƙarƙashin amsarsa sai ga wani saƙo da Hausa: "Sannu ƙanena. Ba fushi ya yi ba, su gaisuwarsu ke nan. Ni ce na fara fassarar, makin jarrabawa ya tsayar da ni. Ka ci gaba, zan riƙa dubawa."

Malama ce, tana koyar da Hausa a wata sakandare a Kudan. Kudan fa, nan kusa da mu. Na zaga duniya a waya na dawo na tarar da maƙwabciya. Tsarin kuwa shi ne, duk abin da na rubuta ba ya shiga manhajar sai ta duba ta amince.

Mako biyu na yi ina cike akwatuna. Wasu kalmomin suna zuwa da kansu, wasu sai na yi ta juya su a baki ina ɗaure ƙusar waya. Akwai maɓalli biyu da ke fitowa duk lokacin da ka ɗauki hoto. Ɗaya na ajiye hoton, na sa masa "Adana". Ɗayan shi ne wanda 'yan gari ke ce wa kansal, wato ka janye, ba ka son wannan, a sake. Ko daƙiƙa biyar ban yi a kansa ba. Na rubuta "Fasa". Malama ta duba ta wuce. Da sabon zubin manhajar ya fito, na buɗe na ga Hausata a ciki, sai da na fita bayan shago na ɗan yi tsalle, ba wanda ya gani.

Ranar da na kai wa Baba wayar, na durƙusa na gaishe shi, muka gama tambayar gida da shago da yayana, sannan na miƙa. Na yi masa bayanin mutanen da suka yi ta, da yadda ba a sayar da ita.

Ya ce, "Ba mai ita?"

Na ce, "Kowa ne mai ita, Baba."

Ya ce, "To waƙafi ne ke nan. Allah ya ba su lada."

Na ce, "Har da ni a ciki. Hausar nan ni na rubuta."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Har da kai. To Allah ya ba ka rabonka."

Baba yana karanta boko, amma a hankali, gaɓa gaɓa, kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Na nuna masa yadda zai shimfiɗa takarda a kan tabarma a inuwar zaure, ya ɗaga waya, ya danna, ya adana. Muka yi shafi uku tare, duk suka fito tas, don haka ba mu taɓa ɗayan maɓallin ba. Na koma Makarfi ina jin kaina. Lissafinmu shi ne ya gama gafaka ukun kafin ruwa ya sauka, don da zarar an yi shuka Baba ya zama na gona, takardu kuma su sake shan wata daminar.

Da na dawo mako na gaba, sai na hango wayar a kan taga, naɗe cikin tsumma, an ɗora mata dutse kamar kada ta gudu.

Inna ta ce, "Auta, abarka ta ƙoshi. Kwana uku ke nan ta ƙi karɓar komai."

Na buɗe. Wayar ta cika maƙil. Na shiga hotunan, sai na ga kowane shafi an ɗauke shi sau huɗu, sau biyar, sau bakwai. Wani ya yi dishi-dishi, wani inuwar hannu ta rufe shi, wani rabin tabarma ne, akwai ma wanda ƙafar akuya ta fito a gefe. Duk an adana su, masu kyau da marasa kyau a cakuɗe, kuma ko rabin gafaka ɗaya ba a ci ba.

Na sami Baba a zaure yana feƙe alƙalami. Na ce, "Baba, ai in hoto bai yi kyau ba, ɗayan maɓallin ake dannawa."

Ya ce, "Wanda aka rubuta fasa?"

Yadda ya faɗe ta ne ya tsayar da ni. Ya faɗe ta a gajarce, irin fasa ta fasa tulu, fasa ƙwai.

Na ce, "A'a Baba, ba wannan ba. Ɗayar. Irin mutum ya yi niyyar tafiya ya fasa."

Ya ajiye wuƙar. "To ina aka rubuta haka? Ni abin da na gani na karanta. Ban san me za ta fasa ba, wayar ce, ko hoton, ko aikin da na yi tun safe. Abin da ban san me zai fasa ba kuwa ba na taɓa shi."

Ya jawo allo, ya tsoma alƙalami, ya rubuta kalma biyu da ajami, ɗaya a kan ɗaya. Ya nuna ta sama da gindin alƙalamin. "Wannan fa ce da wasali bisa, sai sin. Ita ce ta tulu." Ya sauko ta ƙasa. "Wannan kuma ga alif a tsaye bayan fa, shi ya ja ta. Ita ce ta tafiya. Mu mun raba su. Ku bokonku ya haɗa su a riga ɗaya, sannan ka ce in gane wace ce a ciki."

Ni da nake rubuta Hausa tun firamare, ban taɓa lura ba. Idan na ga kalmar a jimla, jimlar ce ke gaya mini wacce ake nufi. A kan maɓalli kuwa ita kaɗai ce tsaye, ba gaba ba baya.

Na ce, "To yanzu ai ka sani. Bari in share marasa kyan, ka ci gaba."

Ya ce, "Ni na sani, don ina da ɗa mai gyaran waya. Wanda ba shi da shi fa? Ba ka ce ta kowa ce ba?" Sannan ya yi tambayar da har yau nake ji a kunnena. "Da ka gama rubutawa, wa ya karanta maka da baki?"

Na ce akwai malama a Kudan da ta duba.

"Da ido ta duba ko da baki?"

A gidanmu, in Baba ya kwafi shafi, ba ya barin shi ya fita sai ya ba wani ya karanta da ƙarfi, shi yana riƙe da na asali yana saurare. Tun ina ƙarami nake ganin haka, ban taɓa ɗauka ya shafe ni ba.

Ya ce, "Kuskuren rubutu a takarda ake gyara shi. Je ka gyara, ka kawo. Wayar tana nan."

Na san Baba. In ya ce tana nan, to tana nan, da dutsenta. Ga shi kuma iska ta fara juyawa, da yamma ana ganin walƙiya can kudu. Na share hotunan banza, wanda ya ci mini wuni guda, amma wayar ta koma taga.

A mota kan hanyar Ikara na aika wa Malama saƙon murya. Na faɗi kalmar iri biyu, na ba ta labarin allo. Dariyarta ta fi minti ɗaya.

Ta ce, "Ni da nake koya wa yara dogon wasali da gajere kowane zango, ga shi Malam ya kama ni daga Paki. Ka ce masa ɗalibarsa ta amsa laifi. To Injiniya, sai mu sa soke. Ita ake sawa a takardun ofis."

Da na koma gida na gwada soke a kan Inna, tana tankaɗe. Na rubuta a takarda na karanta mata, na ce in ta ga wannan a waya me za ta ɗauka.

Ta ce, "A soke wa? Tsire kuke yi a cikin wayar?"

Na gwada bari. Ta ce, "Bari in yi me?" Na gwada janye. Ta ce wannan ai 'yan takara ne ke yin ta. Na ce a koma baya, ta ce to ina aka je. Har ta gaji ta ce in matsa mata daga iska, ina tare mata gari.

Malama ta kawo shawarar a rubuta da a biyu, faasa. Na nuna wa yayana, ya ce wannan ai kamar yatsa ne ya zame. Muka bar ta.

Abin ya dame ni sosai. Kalma ɗaya, harafi huɗu, ta tsayar da gafaka uku. A shago sai in tsinci kaina ina magana ni kaɗai, har wani mai rake daga Gazara da ya kawo gyaran sifika ya tambayi yayana ko lafiyata ƙalau.

Mako na uku ina gida, da hantsi, Inna ta shirya za ta gidan suna. Ta yafa mayafi, ta ɗauki kwanon da za ta kai, ta kai bakin ƙofa. Sai ta ga ranar da ake yi, ta tsaya, ta juyo ta cire takalmi.

Ta ce, "Kai, na fasa. Sai la'asar."

Na miƙe zumbur har na zubar da kokon da ke gabana. Ba wanda zai ji wannan maganar ya tambaye ta me ta fasa. Mai fasa tulu dole ya ambaci tulun. In mutum ya ce "na fasa" ya yi shiru, kowa ya san ya sake shawara ne. Alif ɗin da boko ba shi da shi, ashe ƙaramar "na" za ta iya tsaya masa.

Inna ta ce, "Auta, kokon ne ya yi maka laifi?"

Na rubuta wa Malama nan take, na ce a sa "Na fasa" a maɓallin. Ba ta yarda da wuri ba. Ta ce, "Ɗaya maɓallin umarni ne, Adana. Wannan kuma mutum ne ke magana. Sun zama kamar takalmi wari da wari." Na ce gaskiya ne, amma ta gwada irin gwajin Baba. Ta rubuta a takarda ta ba wani ya karanta da baki, kada ta yi masa bayani.

Kwana biyu ban ji ta ba. Rana ta uku sai ga muryarta, ana jin hayaniyar ɗalibai a bayanta. Ta ce ta ba mai gadin makaranta, ta ba surukarta, ta ba mai sayar musu da awara a bakin ƙofa. Duk ukun suka ja wasalin, ba wanda ya yi gargada. Ta ce, "Takalmin wari da wari ne, amma yana shiga ƙafa. Ka tura."

Wannan karon ba akwati kawai na cike ba. Sai da na buɗe rahoto a inda masu manhajar ke tattaunawa, na bayyana dalilin canjin, don wanda zai zo bayanmu kada ya mayar da ita yana ganin gyara ya yi. Na taƙaita gaisuwar zuwa layi ɗaya, da ƙyar. Na roƙi a sa gyaran a zubi na gaba, na ce akwai takardu da ruwan sama ke jira. Mai kula da manhajar ya amsa da jimla har uku, wanda a wajensa wa'azi ne. Ya ce bai taɓa sanin kalma na iya yin haka ba, ya ce a gaida mahaifina. Kuma ya ce in muna so mu rubuta wa masu fassarar Hausa ƙa'ida. Ni da Malama muka rubuta layi ɗaya tak a saman shafin: kafin ka tura kalmar maɓalli, ba wani ya karanta maka da baki.

Sai jira. Sabon zubi ba ya fita don mutum ɗaya yana sauri, sai sauran gyare-gyaren sun taru. Kullum da safe kafin in buɗe shago sai na duba. A Nasarawan Doya aka ce an ɗan yi yayyafi. Baba ya fito da irin masara yana zaɓe. Ni dai ina duba waya ina duba sama.

Ranar da ya fito ba ranar zuwana gida ba ce, amma na roƙi yayana na hau mota. Na ɗauke dutsen, na warware tsumman, na sabunta manhajar, na kai wa Baba a zaure. Sai da muka gama gaisuwa tsaf, har da tambayar hanya, ni kuwa wayar tana ƙona mini hannu.

Ya ɗauko shafi ɗaya ya shimfiɗa. Ya ɗaga wayar, da gangan ya girgiza hannu, ya danna. Hoton ya fito kamar an shafa masa man shanu. Ya gyara tabarau, ya kawo fuskar wayar kusa, ya karanta da ƙarfi, gaɓa gaɓa.

"Na... fa... sa." Ya ja ta yadda ya kamata, ba tare da ya sani ba ma. Ya ce, "Wannan ni ne nake magana."

Ya danna. Hoton ya tafi, wayar ta koma tana jiran wani. Ya juya ta ya duba bayanta, ya ga ba abin da ya tsage. Bai ce na yi ƙoƙari ba. Ya ce, "Miƙo mini gafakar can ta tsakiya."

Daga ranar, daga hantsi zuwa azahar aikinsa ke nan. Inna ta ce tana jin shi daga tsakar gida yana magana da wayar: "Na fasa. Na fasa. Yawwa, adana." Gafaka biyu ya gama kafin ruwan farko. Ta ukun, wadda ta fi tsufa, saura 'yan shafuka aka yi ruwan shuka, ya ƙarasa su a ranakun da ƙasa ta yi laushi da yawa ba a shiga gona. Shafi biyu ne muka tarar sun riga sun manne tun bara, waɗannan ba mu same su ba. Sauran duk suna nan, a wayarsa, a tawa, da wani katin ajiya da ya saka a cikin gafakar tare da takardun.

Yanzu ina fassara wata manhaja ta taswira, kuma na fara leƙa yadda ake rubuta injin kansa, ina ɓatawa ina gyarawa. Duk zuwana Paki ina tafe da takarda mai kalmomi goma ko sha biyu. Bayan gaisuwa sai Baba ya miƙo hannu, ya gyara tabarau. Makon jiya ya tsaya a kan wata, ya karanta ta sau biyu, ya dube ni.

Ya ce, "Wannan gari ne na mutane, ko gari na tuwo?"